Hancin Jirgin Sixten

Kwana tara kenan da narkewar ƙanƙarar tafkin, kuma babu wani mai hankali a yankinmu da ya sa jirginsa a ruwa tukuna. Jiragen kowa na kan tudu a lulluɓe da tampol, masu su na kwance a gida suna jinyar ciwon kai, saboda abin da suka sha a gindin wutar da muke hurawa duk ƙarshen Afrilu don sallamar hunturu. Gidan Sixten ne kaɗai ba su san wannan hutun ba. Shekara ashirin da shida, duk safiyar ɗaya ga Mayu sai an ji rurin jirginsa, matarsa Majken na tuƙi, shi kuma yana can baya riƙe da igiya, tsaye a kan katakon sulu, yana tsaga ruwan da ko kare ba zai yarda ya tsoma ƙafa ba. Mu kuwa sai mu leƙa ta taga mu ce, to, mahaukacin nan ya buɗe mana shekara.

A watan Janairu zuciyar Sixten ta tsaya yana cikin kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Kowa ya ɗauka al'adar ta bi shi. Sai ga 'yarsu Ylva ta zo daga Karlstad, inda take aikin jinya, ta ce bana ita za ta hau katakon. Majken ta hana, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce sanyin ruwan bai wuce digiri biyar ba. Ylva ta ce Baba ma a haka yake shiga. Taurin kan gado ne, kuma Majken ta san wanda aka gada.

Da ta ga ba makawa sai ta koma ga takardar Sixten. A cikin murfin akwatin inji ya liƙa ta, naɗe a leda, abubuwa goma sha huɗu da ake yi wa jirgi kafin ya taɓa ruwa, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Kwana biyu ta yi tana bin su ɗaya bayan ɗaya: batir, filogi, bel, man inji, buɗe kan famfon fetur. Tankin kuwa cike yake taf, domin a haka Sixten ke barinsa duk Oktoba. Ta tayar da inji a bakin gadar katakon da ake ɗaure jirgi, ya yi minti biyar yana aiki lafiya lau. Ba ta tsallake ko layi ɗaya ba, wannan kam za ta iya rantsewa.

Mai kallon baya, wanda zai sa ido a kan Ylva, shi ne Ebbe, ƙanin marigayin. Shekara talatin ya yi yana jan motar gungume, saboda haka a ganinsa babu injin da zai ɓoye masa sirri. Ya zauna a kujerar da ke fuskantar baya, taba cushe a ƙarƙashin leɓensa, yana kallon Ylva da ke bakin gada cikin rigar robar ubanta, ta ɗora rigar ceto ruwan lemo a kai.

"Ke Ylva, wannan rigar ai mutum biyu za ta ɗauka. Ko in shigo mu raba?"

"Baffa Ebbe, cikinka kaɗai sai ya ɓarke ta."

"Kin ji ta ko, Majken? Bakin uban sak."

Majken ba ta yi dariya ba. Rigar ta yi wa yarinyar yawa a wuya da hannu, ruwa zai riƙa shiga yana fita yadda ya ga dama. Ta ce, "Zagaye ɗaya, ki ji ni da kyau. Daga nan zuwa tsibiri mu dawo."

"To, Mama."

Jirgi ya ja, igiya ta miƙe, Ylva ta taso kan ruwa tun a karon farko. Ebbe ya yi ihu yana dukan gwiwa. Majken ta saci kallo a madubi, ta ga yadda yarinyar ke karkata kafaɗa in za ta tsallake igiyar ruwa, sak irin na ubanta, sai ta mai da ido gaba. Suka wuce duwatsu, suka shiga tsakiyar tafki inda iskar arewa ke da ƙarfi. Kusan minti goma komai daidai.

"Tana magana da hannu," in ji Ebbe.

"Me ta ce?"

"Ta saki hannu ɗaya tana nuno mu. Ƙara wuta take so. 'Yar ubanta! Ƙara mata!"

Majken ta tura totur. Maimakon jirgi ya zabura sai injin ya yi tari. Ya kama, ya sake tari, jirgin ya duƙar da kai kamar an taka masa birki. Igiya ta yi sako-sako, sannan injin ya fizga sau ɗaya da ƙarfi. Mai riƙe da hannu ɗaya ba ta da yadda za ta yi. A madubi Majken ta ga katakon ya tashi sama, ruwa ya fantsama, sai kuma shiru. Injin ya mutu, jirgin ya ci gaba da sulalewa da sauran gudunsa, yana nesanta su da ita.

Can baya wani ɗigo ruwan lemo ya ɓullo, hannu ya ɗago. Tana da rai.

Majken ta murɗa makulli. Injin ya juya, ya kama na daƙiƙa biyu, ya mutu. Ta sake. Wannan karon ko kamawa bai yi ba. Allurar mai na nuna tanki a cike. Ebbe ya ture hannunta ya murɗa da kansa, ya riƙe, ya riƙe, kamar ƙarfin hannu ne ke tayar da inji.

"Sake shi, za ka kashe batir!"

"Zai tashi, ki bari..."

"Na ce sake! Kira masu ceto."

Ya lalubo waya. Ita kuma ta jefa anga, igiyar ta ƙare tas ba ta taɓa ƙasa ba, don a wurin nan zurfin tafkin ya fi tsawon hasumiyar coci. Ta zaro filafili ɗaya tilo da ke jirgin ta soma tuƙi. Banza. Jirgi mai nauyin inji irin wannan ba a yi shi don filafili ba, iska na tura shi kudu fiye da yadda hannunta ke mai da shi. Ta duba gaɓa hagu da dama. Tampol shuɗi, tampol kore, hayaƙin ragowar wutar jiya. Ko kwalekwale ɗaya babu a ruwa.

Ebbe ya sauke waya, fuskarsa ta yi fari fat. "Jirginsu ma yana kan tudu, sai sun jawo shi daga gari. Minti arba'in, suka ce."

Ba wanda aka haifa a bakin tafkin nan da bai san lissafin ba. A ruwa irin wannan minti goma yatsu ke daina kamawa. Bayan nan hannu, bayan nan hankali. Rigar ceto za ta riƙe mutum a sama, amma ba za ta juya masa fuska daga igiyar ruwa ba in ya daina iya juyawa da kansa. Tsoro ya kama Majken irin wanda ba ta ji ba ko a ranar da ta tarar da Sixten kwance a kan ƙanƙara, don a ranar an riga an gama, yau kuwa a gaban idonta ake yi.

Ebbe ya fara cire takalmi.

"Me kake yi?"

"Zan je in ɗauko ta."

"Da wannan tumbin? Ko rabi ba za ka kai ba, in koma neman gawa biyu. Mai da takalminka ka buɗe mini inji!"

Suka ɗaga murfin akwatin. Zafi ya bugo su, takardar Sixten na kaɗawa a cikin ledarta. Majken ta cire kwanon da ke kan kafireto, ta ce wa Ebbe ya tura totur, ta leƙa ciki kamar yadda ta sha ganin mijinta na yi. Kamata ya yi ta ga fetur ya yi tsartuwa. Ko ɗigo babu.

"Mai ba ya zuwa," ta ce.

"Ruwa ne," in ji Ebbe. "Man bara ne, ya kwana wata bakwai, ya tara ruwa. Na sha gaya wa yayana, bai ji ba. Filta za mu cire."

Ba ta da wata dabarar da ta fi tasa, sai ta miƙa masa sifana. Ya durƙusa yana nishi yana zagin wanda ya ɗaure filtar, wato ɗan'uwansa. Da ta kwance sai ta suɓuce daga yatsunsa masu sanyi, fetur ya zube a ramin inji kafin ya cafke ta. Wari ya cika jirgin. Majken ta zubar da ruwan kofi da ke cikin murfin filas, Ebbe ya juye sauran man filtar a ciki, ta ɗaga shi ga haske. In da ruwa, da ta gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido. Fetur ne zalla, garau.

"Ba ruwa, Ebbe."

"To famfon ne ya mutu. In kuwa famfo ne..." Bai ƙarasa ba.

Ta waiwaya. Ɗigon ya ƙara ƙanƙancewa, kuma hannun da ke ɗagawa ɗazu ya daina. Ta ƙwala kira, "Ylva! Ylva!" Iska ta kwashe muryar ta yi kudu da ita. Ta dafa kujerar baya.

A nan ne ta ji wani ƙara a ƙarƙashin tafinta, ƙwam, kamar an danna gefen garwa. Tankin na ƙarƙashin wannan kujerar. Ta tsaya cak. Me zai sa tanki ya yi ƙara shi kaɗai? Ko allurar ce ke ƙarya, ba komai a ciki? Ta haye bayan jirgi da rarrafe, ta kama murfin da ake zuba mai, da niyyar ta zura sanda ta gani da idonta. Murfin ya ƙi juyawa. Ita da ke buɗe shi da yatsa biyu, yau sai da ta sa hannu biyu ta cije leɓe. Ya motsa da ƙyar, sai ta ji tankin ya ja iska, fuuu, dogon ja, kamar wanda aka daɗe da danne wa kai a ruwa aka sake shi. Ƙarfen ya sake yin ƙwam, ya koma daidai.

Majken ta saki murfin. Ta san ko mene ne tun kafin ta leƙa.

A jikin jirgin daga waje, ta dama kusa da baya, akwai wata 'yar kafa da ba ta fi ƙwandala ba. Ta nan tanki ke shan iska, don in mai zai fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Duk Oktoba Sixten kan toshe ta da toshiyar kwalba da ya fere da wuƙa, wai kada laima ta shiga, kada kuma zanzaro ya yi gida a ciki. Ya ɗaura mata jan zaren saƙa. Duk ɗaya ga Mayu kuma, in ya gama goma sha huɗunsa, sai ya tsaya a kan gada ya ɗaga murya har maƙwabta su ji: "Majken! Zo ki buɗe masa hanci!" Ta sauko daga kicin tana goge hannu tana mita, ta ja zaren, ya yi mata tafi kamar ta yi wani abin kirki, sannan su tafi. Shekara ashirin da shida tana ɗaukar abin shiririta ce irin tasa. Ba ta taɓa tambayar amfanin kafar ba. Bana ba wanda ya kira ta.

Ta kwanta a kan ciki ta leƙa. Ga jan zaren nan ya jiƙe, yana lilo. Ta fizge shi.

"Mai da filtar! Juye man a ciki ka ɗaure ta, maza!"

Ebbe bai tambayi komai ba, ya ga toshiyar a hannunta. Ya ɗaure, ya miƙe, ya kai hannu ga makulli. Majken ta riga shi, ta zare makullin ta dunƙule a tafinta.

"Ke, kin haukace? Ba ni!"

"Shaƙi nan. Shaƙa mana!"

Ramin inji na tashin warin fetur har yana sa ido hawaye. Layi na goma sha huɗu a takardar Sixten shi kaɗai ne da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu: in ka ji warin mai, fanka minti huɗu kafin makulli. Dukansu sun san dalili. Sun halarci jana'izar mutumin ƙetaren tafki da ya murɗa makulli a kan tiririn fetur, aka tsinci murfin injinsa a kan bishiya.

Ta kunna fankar da ke zuƙe tiririn. Ta tuɓe rigar sanyinta ta ulu, ta cusa a ramin ta tsane man, ta wurgar da ita cikin tafki. Ta duba agogo.

"Majken, don Allah. Yarinyar nan ba ta motsi."

"Na gani."

"Minti huɗu fa! Iska na kaɗawa, murfi a buɗe, ya isa haka!"

"In muka tashi da wuta wa zai ɗauko ta? Kai ko ni?"

Ya juya mata baya ya kama kuka, ƙato da shi, yana kiran sunan yayansa. Ita ba ta yi kuka ba. Ido ɗaya a agogo, ɗaya a kan ɗigon da ke ɓacewa a bayan igiyar ruwa yana sake fitowa. Duk ɓacewa sai ta ce shi ke nan, duk fitowa sai ta ja numfashi. Haƙoran makullin suka huda mata tafi ba ta sani ba. A minti na uku hannunta da kansa ya nufi wajen makulli, ta janye shi. Ta durƙusa ta sa hanci a ramin. Da sauran wari, amma kaɗan. Ta jira na huɗun ya cika cif.

Ta murɗa. Injin ya juya a gajiye, don Ebbe ya riga ya cinye rabin batirin. Ta ƙirga biyar ta saki. Sai mai ya cika tiyo tukuna, ta san haka. Ta sake murɗawa, yana juyawa yana ƙara sanyi, wau, wau, wau. Ta ce a ranta, Sixten, in ka bar ni a nan ba zan yafe maka ba. Ta tura totur sau biyu ta murɗa na uku. Ya yi tari, ya yi tari, ya kama da ruri.

Ebbe ya yanke igiyar anga da wuƙa, bai tsaya jawo ta ba.

Sun tarar da Ylva a dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannuwa a harɗe, ta juya wa iska baya. Leɓunanta sun yi shuɗi, idonta a buɗe amma kamar ba su take kallo ba. Majken ta zagayo ta gefen iska ta tsai da farfela. Ebbe ya jefa igiya ta faɗi a kan kafaɗar yarinyar, ta dube ta kawai, yatsun sun ƙi buɗewa. Sai ya kwanta ya cafko wuyan rigar ceton, Majken ta kama ɗamarar, suka jawo ta a kwance kamar buhun dankali. Majken ta rungume ta, ta ji kamar ta rungumi dutse. Can ta ji haƙora na kaɗawa a kafaɗarta, kaf-kaf-kaf, ba ta taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

"Ki yi magana, 'yar nan. Ce wani abu."

"Ka... kada... Baffa ya ba ni barasa."

Ebbe, da ya riga ya zaro 'yar kwalba daga aljihu, ya mai da ita.

Da azahar masu motar asibiti sun duba ta sun tafi. Ylva na zaune a kicin cikin bargo uku, tana riƙe da kofin shayi da hannu biyu. Ebbe ya fita wai zai duba jirgi, kunya ce ta kore shi. Toshiyar na kan tebur, zaren ya bushe.

"Da kika daina ɗaga hannu na ɗauka kin tafi," in ji Majken.

"Dunƙulewa na yi don in adana zafi, haka muke koya wa mutane. Amma daga baya ko na so ɗagawa ba zai ɗagu ba." Ta nuna toshiyar da haɓa. "Ita nake ta nuna muku. Muna shiga tsakiya na hango jan zaren yana kaɗawa."

"Baffanki ya ce ƙara wuta kike so."

Ylva ta yi 'yar dariya, ta ƙare da tari. Majken ta juya toshiyar a hannu, sai fushin da ta danne tun safe ya taso mata.

"Abu goma sha huɗu ya rubuta. Har da inda ake rataye soso ya rubuta! Wannan guda ɗaya da ya kusa cinye mini ke, shi ne ya manta?"

"Bai manta ba, Mama."

"To mene ne?"

"Na taɓa tambayarsa, ina 'yar shekara goma sha biyar. Na ce Baba, hancin ba ya cikin takarda. Ya ce sane yake. Wai in ya rubuta zai cire da kansa, to da wane dalili kuma zai kira ki ki sauko gada?"

Majken ta dunƙule toshiyar a tafinta. Ta tashi ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki fensir, ta saka toshiyar a aljihu, ta fita ba ko rigar sanyi. Ta gangara gada, ta wuce Ebbe ba ta dube shi ba, ta ɗaga murfin inji ta zaro takardar daga leda.

"Sakarai," ta ce. "Tsohon sakarai kawai."

Hawaye ya hana ta ganin layin sosai. A ƙarƙashin na goma sha huɗu ta rubuta goma sha biyar, da manyan baƙaƙe: A BUƊE MASA HANCI. Rubutun ya fito a karkace, kusan irin nasa.